Ɗaukar hoto a Jos da Abuja: tambayoyin da aka dame ni da su, da amsoshinsu

Toh jama'a, kusan duk ranar da na fita rataye da kyamara, ko a Taminus ne ko a bakin tafkin Jabi, sai wani ya tsayar da ni da tambaya, kuma tambayoyin ba sa canzawa, yau wannan ya yi gobe wancan ya maimaita. Shi ya sa na ce bari na tara su wuri guda na huta. Ni ɗan Jos ne, aiki ke kai ni Abuja lokaci-lokaci, don haka misalan duk na nan ne. Wanda yake Kano ko Sakkwato sai ya ɗauki abin da ya yi masa.

Dole sai na sayi kyamara kafin na fara, ko wayata ta isa?

Wayarka ta isa, wallahi ta isa. In da rana ne kuma kana kusa da abin da za ka ɗauka, wayar yanzu ko mai matsakaicin kuɗi ce tana fitar da hoton da ba za ka ji kunyarsa ba. Abu uku kawai nake roƙon masu waya: ka goge gilashin kyamarar da gefen rigarka kafin ka ɗauka, don rabin hotunan da ke fitowa kamar an shafa musu man gyaɗa maiƙon yatsa ne ba laifin waya ba, ka daina jan zum da yatsu biyu, ka taka da ƙafarka ka matsa, sannan ka taɓa fuskar mutumin a allo don wayar ta san shi kake nufi ba sararin sama ba.

Inda waya ke gazawa shi ne dare, abu mai gudu, da abu mai nisa irin tsuntsu. In ka ga nan ne hankalinka ya fi karkata, toh lokacin ne maganar kyamara ta taso.

Kuɗina ba yawa, wace kyamara zan saya?

Ta hannu za ka nema, ba sabuwa ba. Tsofaffi irin Canon 600D, Nikon D3200 ko D5300, ko Sony a6000, duk har yanzu suna aiki lafiya lau kuma da su yara da yawa suka koyi sana'ar. Ka haɗa da lens, wato gilashin da ake ɗaurawa a gaban kyamara, mai lamba 50mm f/1.8 (bayanin f na nan tafe), shi ne mafi araha a cikin masu kyau, kuma shi ke sa bayan mutum ya narke fuskarsa ta fito fes. Ba zan faɗi farashi ba don kafin ka gama karanta wannan dala ta motsa.

Kar ka je saye kai kaɗai in ba ka san kan abin ba. Ka sa a duba maka sau nawa shota ta buga, kamar yadda ake duba tafiyar da mota ta yi. Ka cire lens ka haska shi da tocilar waya ka leƙa ciki, in ka ga wani abu kamar saƙar gizo-gizo, fumfuna ce, ajiye musu kayansu. Ka ɗauki farar bango ko sararin sama a f/16 ka buɗe hoton sosai ka ga ko akwai ɗige-ɗige. Kuma ka je da memorinka, ka ɗauki hotuna ka duba a kwamfuta kafin ka biya.

Mene ne wannan shota da f da ISO da kuke ta faɗa?

Ka ɗauka ɗaki ne mai taga ɗaya. Lambar f ita ce girman tagar, kuma a juye take, ƙaramar lamba irin f/1.8 taga ce a wangale, babbar lamba irin f/11 ƴar ƙaramar kafa ce. Shota ita ce tsawon lokacin da ka bar tagar a buɗe, 1/1000 ƙiftawar ido ma ta fi ta daɗewa, 1/30 kuwa in hannunka ya ɗan motsa hoton ya ɓaci. ISO kuma kamar ƙara murya ne a rediyo, kana ƙarawa kana ji sosai amma shuuu ɗin ma yana ƙaruwa, a hoto shi ne wannan tsaki-tsakin da ke fitowa.

Mutum a tsaye 1/200 ta ishe shi, mai tafiya 1/500, doki ko babur 1/1000. Dutse da fili f/8. Fuskar mutum ɗaya f/2 ko kusa da haka, amma in mutum biyar ne a jere kar ka yi gangancin f/1.8, na gaba zai fito na baya su zama aljanu. Wata guda kana wasa da waɗannan ukun hannunka zai riƙa yi da kansa.

Wane lokaci ne hoto ya fi kyau?

Safe da yamma, kuma a ƙasarmu lokacin gajere ne ƙwarai. Rana a Jos da Abuja tana fitowa tsakanin ƙarfe 6 da 7 saura kwata gwargwadon wata, tana faɗuwa tsakanin 6 da 7 saura na yamma, kuma da yake muna kusa da tsakiyar duniya ba ta jan ƙafa, tana faɗuwa minti 20 zuwa 25 duhu ya rufe. Wato in ka ce sai ka gama shan shayi ka fita, ka makara. Ni daga masallacin asuba nake wucewa.

Tsakar rana, daga 11 zuwa 3, rana tana tsakar ka, idanun mutum su shige rami, ƙasan hula ya yi baƙi ƙirin, kowa ya yamutse fuska. In dole ne sai a lokacin, ka kai mutum inuwa, bakin zaure ko ƙarƙashin rumfa, ya fuskanci waje inda hasken ke shigowa. Bakin ƙofar shago da tsakar rana ya fi situdiyo da yawa kyawun haske.

Lokacin hunturu hotunana duk fari-fat suke fitowa, me zan yi?

Hazo ne, kuma ba ka da yadda za ka yi da shi in dutse mai nisa kake so. Daga Disamba zuwa Fabrairu akwai ranakun da za ka tsaya a Madalla dutsen Zuma na gabanka amma sai inuwarsa kawai. Toh ka daina faɗa da shi, ka juya ka ɗauki abin da ke kusa. Hazo yana tausasa rana, fuska tana yin kyau, kuma da yamma rana kan zama jan faifai da za ka ɗauke ta ba ta ƙone maka hoto ba. Mai shayi da asuba a Jos, tururi na tashi daga butar, mutane sun duƙunƙune cikin rigunan sanyi da hular kunne, wannan hoton sai hunturu.

Ƙura kuma ita ce abokiyar gabar kyamara. Kar ka canza lens a fili, shiga mota ko ɗaki, ka kifa bakin kyamarar ƙasa ka yi sauri. Kar ka hura da baki, yawu zai bi, ka sayi ƴar robar nan ta hura iska. Sannan sanyin Jos na cin batir, na biyun ka sa shi a aljihun ciki ya ji ɗumin jikinka.

Damina fa, ba haɗari ba ne fita da kyamara?

Damina ce ma lokacin Filato. Daga Yuni zuwa Oktoba duwatsu sun yi kore shar, iska ta wanke, in an ɗauke ruwa da yamma gajimare ya tsage rana ta ratso, abin sai wanda ya gani. Leda babba da ƙyauren roba sun isa su kare kyamara daga yayyafi. Matsalar ba ruwan da ya taɓa ta a waje ba ce, laimar da ke zama a jaka ce, ita ke kawo fumfunar da na ambata a maganar sayen kyamara. Kar ka kulle kayanka a jaka a ƙarƙashin gado har wata biyu. Ka zuba ƴan ƙullin nan masu shan laima da ke zuwa cikin kwalin takalmi, ka riƙa fito da kayan suna shan iska. Kuma in ka ji tsawa kana saman dutse, sauko, ba a jayayya da wannan.

Yaya zan ɗauki mutane a kasuwa ba tare da an yi min ca ba?

Wannan ita ce tambayar da ta fi duk sauran, kuma amsarta ba a cikin kyamara take ba. Gaisuwa. Ranar farko da na shiga kasuwar Farin Gada da niyyar hoto, ina zuwa na ɗaga kyamara kan wata mata da ke jera kabeji, wallahi kafin na danna ta ɗaga faifai ta rufe fuska, ta ce "kai ɗan nan, uwarka ce ni da za ka ɗauke ni ba sallama?" Duk layin aka juyo ana kallona, na rasa inda zan sa kaina. Sati na gaba na koma, kyamara a jaka, na ce sannu Mama ya kasuwa ya sanyi, na sayi karas da koren wake, na ba ta haƙurin rannan, ta yi dariya. Sai a zuwa na uku na tambaya, ta gyara ɗaurin ɗankwali ta ce toh ɗauka, amma ka bari na jera tumatir ɗin ya yi kyau. Hoton da na fi so ba ma wanda ta shirya ba ne, wanda ta juya tana ciniki da wani direba ne, ta manta da ni, rana ta ɓullo ta bayan buhunan ta haska gefen fuskarta da numfashinta da ke fita kamar hayaƙi saboda sanyi.

Abin da na koya ke nan. Ka fara da shugaban layi ko sarkin kasuwa in akwai, ka ce ranka ya daɗe ga abin da ya kawo ni. Ka faɗi gaskiyar inda hoton zai je, in Instagram ne ka ce Instagram ne. Kana ɗauka ka juya allon ka nuna wa mutum, nan take maƙwabcinsa zai ce shi ma a yi masa. Wanda ya ce a'a, ka ce na gode Baba Allah ya ba da kasuwa, ka wuce, kar ka koma nesa ka ɗauke shi a sace da dogon lens, ana gani, kuma wanda zai zo bayanka da kyamara shi zai biya bashin. Akwai kuma wanda ƙinsa na addini ne, malamai sun yi saɓani kan hoto, ba kai za ka tsaya yi masa fatawa a bakin rumfarsa ba.

In suka ce sai na biya fa?

Ni ban cika miƙa kuɗi ba, na fi so na sayi abin da mutum ke sayarwa, ko na wanko hoton na kawo masa. Amma in aikin kuɗi aka ba ka, wani kamfani zai yi talla da fuskar mai rake, toh a nan biyansa haƙƙi ne, kuma a rubuta ya sa hannu ko ya dangwala.

Mata da yara da almajirai, ya hukuncinsu?

Matar aure ko budurwa, ba ka ɗauka sai da yardarta ƙarara, kuma yarda a ɗauka daban, yarda a ɗora a intanet daban. Hoto ɗaya ya isa ya jawo wa mace maganar da ba za ta ƙare ba a gidan miji. A wajen biki ɓangaren mata in akwai mace mai hoto a bar mata, kuma ƴan'uwa mata da ke tambaya ko sana'ar ta dace da su, ga kasuwarku nan, kamu da sa lalle da wuni duk ku ake nema.

Yara a nemi izinin babba. Almajirai kuwa, gaskiya na gaji da ganin hoton yaro da roba a hannu an mai da shi baƙi da fari an rubuta wani dogon turanci a ƙasa. Yaron yana da suna, yana da iyaye a wani gari, bai san inda fuskarsa ta tafi ba. In da gaske tsangaya kake so ka nuna, je ka gaida alaramma ka zauna, ka ga karatun dare a bakin wuta, ka ga yadda ake wanke allo da dafa tawada.

Akwai wuraren da ba a ɗaukar hoto?

Akwai, kuma Abuja ta fi yawan su. Barikin soja, ofishin ƴan sanda, shingen bincike a hanya, ofisoshin jakadanci, filin jirgi, harabar bankuna, da duk yankin fadar shugaban ƙasa da majalisa da kotun ƙoli. Dutsen Aso kansa ka ɗauke shi daga nesa. Ba ko'ina ne aka kafa allon gargaɗi ba, wannan ne ke cin mutane. Na taɓa tsayawa a gefen titi ina ɗaukar gajimare a saman wani gini da ban ma san na mene ne ba, sai ga mutum biyu a kaina. Awa guda da rabi na yi a benci ina yallaɓai yallaɓai, suka bi hotunan ɗaya bayan ɗaya har na sunan ɗan ƙanwata, suka sa na goge guda shida, sannan suka ce na tafi.

In ta faru da kai, kar ka gudu, kar ka ɗaga murya, kar ka fara karanto musu doka. Katin shaida ya kasance a jikinka kullum. Wuraren shaƙatawa kuma da yawa suna barin waya kyauta amma su caji mai babbar kyamara, tambaya a ƙofa kafin ka shigo da amarya da ango.

A Jos fa, ko'ina zan iya shiga da kyamara?

Mu da muke nan mun san garin ya ga rikice-rikice a 2001 da 2008 da 2010, kuma tun daga nan unguwanni suka rabu, baƙon fuska da kyamara yana sa mutane tsarguwa ko a wane ɓangare ne. Da ɗan gari kan ci gari. Za ka Gangare ko Unguwar Rogo, nemi ɗan can ya raka ka. Za ka Tudun Wada ko Kabong, haka. Ƙauyukan wajen gari kuma ka tambayi halin da ake ciki a satin, ba labarin bara ba, ka fara gaida mai unguwa, ka dawo kafin magariba. In gari ya ɗan yi zafi ka bar kyamara a gida.

Jirgin nan mara matuƙi, zan iya saye na tashi abina?

Ba haka kawai ba. Tun 2016 hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, NCAA, ta hana tashinsa sai da izininta da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Kana ganin masu biki na tashinsa, eh, amma ranar da aka kama mutum ba ya zuwa ya ba da labari. A tsakiyar Abuja kam kar ka ma fara, koma ka karanta amsar wuraren da ba a ɗauka.

Ina zan je a Filato in yanayi nake so?

Jos kanta tana kan tudu kusan mita 1,200, shi ya sa haskenta da iskarta suka bambanta da na Abuja. Duwatsun Shere na gabas da gari, ƙololuwarsu ta kai mita 1,829, da sassafe a ƙarshen damina ne suka fi, amma da ɗan rakiya. Dutsen Riyom, wanda duwatsu suka hau kan juna kamar wani ne ya jera su, yana gefen hanyar Abuja, ana ganinsa daga titi. Ka ci gaba ka gangara Hawan Kibo ka samu ruwan Assop. Dutsen Wase tafiya ce ta sama da kilomita 200, sai ka shirya kwana, amma yadda ya miƙe shi kaɗai a tsakiyar fili ya cancanci man motar.

A cikin gari akwai gidan tarihi da Bernard Fagg ya kafa a 1952, inda tsofaffin kayan tarihi na yumɓu na Nok suke, kuma a gefensa akwai wurin da aka gina kwaikwayon gine-ginen gargajiya, har da ganuwar Kano da masallacin Zariya. Jan bangon ƙasa da hasken yamma, ba ka buƙatar wani ado. Sai tafkunan da haƙar kuza ta bari a Rayfield da Bukuru da Barikin Ladi, ruwan ya kwanta luf yana ɗaukar hoton sama. Amma don Allah kar ka sa kowa ya tsaya a gaɓa don hoto ya yi kyau, ramukan haƙa ne masu zurfi, gefensu na zaftarewa, sun ci rayuka.

Abuja kuma fa, ban da gine-gine me ake ɗauka?

Masallacin ƙasa da ƙubbarsa mai ruwan zinare kowa ya ɗauka, in za ka ɗauka ka jira bayan faɗuwar rana da minti goma, fitilu sun kama sama bai gama duhu ba. Millennium Park, wanda Sarauniyar Ingila ta buɗe a Disamban 2003, ranar Lahadi da ranakun sallah cike yake da iyalai. Tafkin Jabi da yamma. Ushafa wajen masu ginin tukwane, inda Bill Clinton ya je a 2000, kusa da dam ɗin Usuma. Zuma dai a jihar Neja yake ko da yake kowa na jingina shi da Abuja, shi ne a jikin tsohuwar takardar naira 100, haka ma ruwan Gurara a hanyar Suleja zuwa Minna.

Amma ni a ganina ainihin Abuja ba a Maitama take ba. Tana Nyanya da Mararaba da ƙarfe shida na safe lokacin da dubban mutane ke kokawar mota su shigo aiki, tana kasuwar ƴaƴan itace ta Zuba, tana wajen masu kilishi a Area 1, tana hannun mai gyaran takalmi da ke yawo da akwatinsa yana ƙwanƙwasawa. Waɗannan ne ba a cika ɗauka ba.

Yaya ake sa ruwa mai gangarowa ya fito kamar auduga?

Shota a hankali, daga 1/4 zuwa daƙiƙa 1, ISO 100, f/11 ko f/16, kuma kyamara a kan mai ƙafa uku, in babu ka ɗora ta kan dutse ka tokare da jaka. Ka sa ta ƙirga daƙiƙa 2 kafin ta ɗauka don kar dannawarka ta girgiza ta. Da rana tsaka haske zai yi yawa hoton ya ƙone, sai da baƙin gilashin da ake ɗaurawa a bakin lens, ana ce masa ND, ko ka je da sassafe. A Agusta da Satumba Gurara ruwan ja ne kuma da ƙarfi, wajen Nuwamba zuwa Janairu ya ragu ya yi haske. Duwatsun suna da santsi, silifas ba takalmin wurin ba ne.

Tsuntsaye nake so, daga ina zan fara?

Dajin Amurum da ke Laminga, gabas da Jos, nan cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI take. Akwai wani ɗan jan tsuntsun duwatsu da masana ba su bayyana shi a matsayin jinsi na daban ba sai 1998, kuma a nan yankin aka gano shi, masu kallon tsuntsaye daga ƙasashen waje saboda shi suke zuwa. Ka nemi izini kafin ka shiga. Kana buƙatar lens aƙalla 300mm, shota 1/1000 ko fiye, kaya marasa haske, da iya zama shiru, wanda shi ne ya fi wa yawancinmu wuya.

A filin Idi fararen kaya na ƙonewa ko fuska ta yi baƙi, ina matsalar?

Kyamara tana auna hasken wurin gaba ɗaya ne ta nemi tsaka-tsaki. In farar shadda ta cika hoton sai ta rage haske, fuskarmu kuma da ma duhu gare ta, sai ta nutse. In ka ƙara don fuska, aikin zaren da ke wuyan babbar riga ya ɓace. Mafita: ka juya mutum rana ta koma bayansa ko gefensa, fuska da riga duk su shiga inuwa ɗaya, sannan ka ƙara haske kaɗan. Ka ɗauka a RAW, wato ɗanyen fayil ɗin da kyamara ba ta sarrafa ba, in kyamararka na yi, don ya ba ka damar ɗago fuska daga baya ba tare da rigar ta lalace ba. Sallar Idi da hantsi ake yi, hasken na da sauƙi, amma hotunan gida bayan an ci abinci ka koma amsar da na bayar kan tsakar rana.

Kuma ana sallah kar ka ratsa gaban sahu. Ka zaɓi wurinka tun kafin a tayar.

Hawan sallah da bukukuwan gargajiya fa?

Mu ƴan Jos Bauchi ce kusa da mu in hawa muke so, wasu su wuce Zariya. Ka je da wuri ka ga ta inda dawakai za su ɓullo da inda rana za ta kasance, ka tsaya tana bayanka. Shota 1/1000, ka bar kyamara tana bin abin da ke motsi. Lokacin jafi dawakai a guje suke zuwa, kuma ta cikin lens ba ka gane kusancinsu, in dogari ya ce matsa, matsa kawai. Ni na fi son kafin hawan ma, a ƙofar gidan hakimi ana naɗa rawani ana ɗaura wa doki kaya.

Nzem Berom a Jos, Puskaat na Mwaghavul a Mangu, Pusdung na Ngas a Pankshin, duk wuraren hoto ne masu kyau, amma akwai dodanni da al'adun da ba a yarda a ɗauka ba ko ba a yarda a matsa kusa ba. Tambayi masu abin, su za su gaya maka iyakarka.

Da dare ko cikin hol ɗin biki wasu layuka na fitowa a hoton, mene ne?

Fitilun ne. Wutarmu tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, wasu fitilun LED na ƙyaftawa da ita, ido ba ya gani amma kyamara na gani. Sauko da shota zuwa 1/100 ko 1/50. In da filashi ne kar ka harba shi kai tsaye a fuskar amarya, hodar za ta yi fari kamar an watsa mata gari, ka juya kansa sama ya bugi silin ya dawo. A titi kuwa, wajen mai tsire ko mai shayi, kashe filashi gaba ɗaya, ƙwan fitilarsa da wutar garwashi sun isa, buɗe f/1.8, ISO 1600 ko 3200, ka jingina da bango. Tsaki-tsaki kaɗan ba ya kashe hoto.

Me ya sa hoton ke lalacewa in na tura a WhatsApp, kuma a ina zan ajiye?

WhatsApp na matse hoto ne don ya rage cin data. Tura shi a matsayin fayil, ta inda ake tura takardu, zai je yadda yake.

Ajiya kuwa, na taɓa sayen memori mai araha a wani shago, an rubuta 64GB a jiki, ashe na bogi ne, na ɗauki ɗaurin aure tun daga masallaci har walima, na dawo gida rabin hotunan ba sa buɗuwa. Har yau in na haɗu da angon sai na sunkuyar da kai. Araha ba ta ado. Yanzu sabon memori sai na cika shi taf a gida na gwada kafin na je aiki da shi, kuma kowane hoto yana wuri biyu aƙalla, kwamfuta da wani faifan ajiya daban, masu muhimmanci kuma har da Google Drive. Ban goge memori sai na ga hotunan sun buɗe a wuri na biyun.

Gyaran hoto ha'inci ne?

Gyaran haske da launi da yanke gefe ba ha'inci ba ne, Snapseed ko Lightroom na waya sun ishe ka. Abin da ban so shi ne a mai da baƙar mace fara sol har danginta su kasa gane ta, ko a ƙara kore har ciyawar Shere ta koma kamar fenti. In kuma hoton labari ne, gobara ko taro ko ambaliya, ba a cire komai ba a ƙara komai, kuma ka rubuta wuri da rana daidai, don mun sha ganin tsohon hoto ya dawo yawo an ce yau ne a Jos, hankalin mutane ya tashi a banza.

Wani ya ɗauki hotona ya sa a shafinsa ba sunana, ina da haƙƙi?

Kana da shi. A dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023, hoto na wanda ya ɗauka ne sai in an yi yarjejeniyar da ta ce ba haka ba. Ka ajiye asalin fayil ɗin, shi ne shaidarka. Ka fara da magana mai daɗi, yawanci rashin sani ne, su sa suna ko su cire. In kamfani ne ke talla da shi, a nan ka nemi lauya. Sa suna a jikin hoto ba laifi, amma ƙarami a gefe, ba ƙaton rubutu a goshin mutum ba.

Ni unguwarmu ba wani abin ɗauka, sai na yi tafiya ko?

Babbar kasuwar Taminus ta ƙone a 2002. Mu da muka taso muna bin iyayenmu ciki sayen kayan sallah, yau in ka ce a nuna maka hoton cikinta, layin ƴan atamfa ko matattakalar da muke tsere a kai, da ƙyar ka samu mai shi, don lokacin ba wanda ya ga abin ɗauka ne, kasuwa ce kawai. Hotunan waje ne suka fi yawa, su ma ƴan kaɗan.

Toh ni yanzu abin da nake yi, duk ranar Asabar ta farkon wata ina tsayawa a wuri ɗaya a bakin layinmu da ƙarfe 7 na safe na ɗauki hoto ɗaya, ba na canza wurin tsayuwa. A cikin ƴan shekarun nan mai faci ya tashi mai POS ya zauna a wurinsa, an sare bishiyar mangwaron ƙofar masallaci, gidan ƙasa na kwana ya zama bene, yaron da ke tura baro a hoton farko yanzu shi ke jan keke. Kowane hoto ina rubuta kwanan wata da sunan layin a sunan fayil ɗin, in na san mutanen ciki na rubuta su a wani littafi daban da ke cikin durowa.